Hilux ɗin Kawu da esin da ke ɗaukewa in an wuce Kwangila

Motar Kawu ce, ƙanin mahaifiyata, Hilux fara mai ƙofa huɗu ƙirar 2002, injin fetur 2.7 wanda ake cewa 3RZ. Motar ta girmi yaran garejinmu guda biyu. Da ita yake zuwa gonarsa ta wajen Maigana a hanyar Soba, da ita yake kai masara da waken suya kasuwar Giwa, kuma da ita ake kai Inna kakata asibitin Shika duk ranar da za ta ga likita, dan hawan jini na damunta ga ciwon gwiwa. Wannan na ƙarshen ne yasa maganar esi ta zama babba a gidan, dan shi Kawu in dan ta shi ne ya sauke gilashi ya tafi abinsa, amma tsohuwa mai shekara tamanin da wani abu a watan Afrilu, lokacin da zafin Zariya ke kaiwa digiri 38 har 40, ka zaunar da ita a gosulo cikin ƙarfe, ai ba ƙaramin abu bane.

Ni aikina kenan gyaran esin mota, garejinmu na wajen Muciya a Sabon Gari, amma Kawu baya kawo min mota saboda yasan bazan karɓi kuɗinsa ba shi kuma baya son haka. Sai da abin ya ishe shi. Ranar da ya zo bayan ƙaramar Sallah, bayan mun gaisa na tambayi mutanen gida, sai yace ɗana wallahi motar nan ta gajiyar da ni, da safe in na taso daga Tudun Wada sanyi kamar firji, har PZ lafiya lau, amma da na wuce Kwangila na doshi Samaru sai kawai ta koma hura min iska mai ɗumi, in na kashe mota ta huta awa ɗaya sai ya dawo. Yace sau biyu ana zuba gas a wurare daban daban, dubu goma sha biyar kowane zubi, mai gyara na ukun da ya je wajensa ya ɗora kunne kawai yace kwamfuresa, wato famfon da ke tura gas ɗin esi, ta mutu, a kawo dubu casa'in da biyar a sayo ta Beljiyam banda gas da kuɗin aiki.

Tun daga labarin nan raina ya bani ba gas bane. Gas ɗin esi ba fetur bane da ake ƙonawa ya ƙare, zagayawa yake a cikin bututu a rufe, in ya ragu to akwai inda yake yoyo, kuma motar da gas ɗinta ya yi ƙasa bata yin sanyi kamar firji da safe ta daina da rana sannan ta dawo da kanta in ta huta. Kwamfuresar da ta mutu ma haka, bata farfaɗowa dan an ajiye mota a inuwa. Abin da ke zuwa da zafi ya tafi da sanyi, mafi yawanci wuta ce ko kuma kuloci.

Ga wanda bai san kan abin ba, a gaban kwamfuresa akwai abubuwa uku da muke haɗawa mu ce kuloci. Akwai fuli wanda bel ke juyawa, shi kullum cikin juyi yake muddin injin na tashe ko an kunna esi ko ba'a kunna ba, yana zaune ne akan boris ɗinsa. A bayan fulin akwai kwayil, wayar tagulla ce aka nannaɗe, in wuta ta shige ta sai ta zama maganaɗisu. A can gaba kuma akwai faranti na ƙarfe wanda shi ne ke ɗaure da sandar cikin kwamfuresa. In ka danna maɓallin esi wuta ta je kwayil, sai maganaɗisun ya fizgo farantin ya manne da fuli, ka ji ƙas, daga nan kwamfuresa ta fara juyi. Tsakanin farantin da fulin akwai 'yar tazara, a irin wannan kwamfuresar Denso ta jerin 10PA da Toyota ke sakawa, tazarar rabin milimita ce, ana yarda daga 0.35 zuwa 0.65. Duk kamawa da saki sai fuskokin biyu sun ɗan ci juna, shekara ashirin da wani abu ana wannan ƙas ɗin kuwa dole tazara ta buɗe.

Na ce Kawu ya zauna a benci yaro ya kawo masa ruwa. Na buɗe bonet na tada mota na kunna esi, nan take ƙas ya kama, sanyi ya zo. Da a nan na tsaya da sai nace lafiyarta ƙalau. Na ɗaura geji mai auna ƙarfin gas, ɓangaren ƙasa inda kwamfuresa ke zuƙo gas yana wajen 45, ɓangaren sama inda take tura shi allura ta haura 320 a ma'aunin psi, alhali a littafin Toyota in komai daidai ne ƙasa na zama tsakanin 21 da 36, sama kuma 200 zuwa 230 ko sama da haka kaɗan in rana ta yi tsanani. Wato gas ɗin ba ƙaranci ya yi ba, yawa ma ya yi. Na leƙa kwandansa, wato ragar da ke huce gas ta gaban lagireto, wallahi ba ka ganin haske ta cikinta, ƙurar hunturu da ƙaiƙayin masara da na waken suya sun toshe ta sun zama kamar tabarma.

Sai na rufe bonet na bar motar a rana tana sulo da esi a kunne, dan in kawo mata yanayin Kwangila har gareji. Esi irin wannan yana da abin auna sanyi a cikin dashbod, in ciki ya yi sanyi sosai har ana tsoron ƙanƙara sai ya yanke wutar kuloci na ɗan lokaci sannan ya mayar, haka yake ta yi yana kamawa yana saki. Wajen minti ashirin da biyar ina tsugune gefen taya ina saurare, na ji ya saki, na jira ya sake kamawa shiru, minti ɗaya, biyu, Kawu daga ciki yace yauwa ka gani ko, ga iskar ta fara ɗumi. Na buɗe bonet, fuli na ta juyi faranti a tsaye cik. Na ɗauki guduma na juya ta, da ƙotar icen na ɗan taɓa gefen farantin a hankali, ƙas, ya kama. Kawu ya fito ya zo ya tsaya a kaina yace me ka yi mata, nace Kawu taimaka masa kawai nayi ya tsallaka. In wani zai gwada wannan dan Allah ya naɗe hannun riga ya cire carbi ko wani abu da ke reto a wuya, fanka da bel na juyawa a wurin, kuma da ice mai tsawo ake yi ba da hannu ba.

Wannan taɓawar ta gaya min abubuwa da yawa lokaci guda. Wuta na zuwa, dan da babu wuta ko ka dake shi bazai manne ba, kenan fiyus da rila da siwic ɗin da ke lura da ƙarfin gas duk sun bada hanya. Shi wannan siwic ɗin yana yanke wuta ne in gas ya faɗi ƙasa da wajen 28 ko ya haura wajen 455, motar Kawu bata kai ko ɗaya ba. Kwayil ma bai mutu ba tunda ya riƙe farantin bayan ya manne. Abin da ya kasa shi ne jawo shi daga nesa.

Na kashe mota na zura fila geji, siraran ƙarafan nan na auna tazara, tsakanin faranti da fuli a wuri uku, milimita 1.1 na samu, ya ninka abin da ya kamata har da ɗori. Na auna taurin kwayil ga wuta da mita bayan ya huce, om 3.7, lafiyayye, dan irinsu tsakanin 3 da 4 suke. Amma ita tagulla halinta ne in ta yi zafi tana ƙara tauri ga wuta, kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri ɗaya, to kwayil ɗin da ke 3.7 da safe in ya gasu a jikin injin ya doshi digiri 100 zai koma wajen 4.7, wutar da ke ratsa shi ta ragu, jan maganaɗisun ya ragu. Shi kuma maganaɗisu in tazara ta ƙaru ƙarfinsa baya raguwa a hankali, faɗuwa yake warwas. Da safe yana da ɗan ƙarfin da zai tsallake 1.1 da ƙyar, da rana babu.

Da na tsaya a nan ma da na bar rabin ciwon. Na sake tada mota na auna wuta a bakin soket ɗin kwayil yana haɗe yana aiki, batir na nuna bolt 13.9 amma abin da ke isa kwayil 12.2 ne, kusan bolt biyu sun ɓace a hanya. Wannan awon sai soket na haɗe ake yinsa, in ka cire ka auna a banza mita zata nuna maka cikakkiyar wuta ka ce lafiya, alhali da an ɗora kaya take zubewa. Na bi wayar da yatsa har ƙarƙashin inda batir yake, sai ga wani kumburi an naɗe da baƙin tef, na warware, waya biyu ne wani rewaya ya murɗe da hannu tun ba yau ba, sun yi kore shar da tsatsa, silin tagullar da ya rage a haɗe bai fi biyar ba. Ƙaramar wayar at ɗin da ke ɗaure jikin kwamfuresa, wadda wuta ke komawa ta cikinta, ita ma notinta ya yi tsatsa. In ka lissafa, kwayil ɗin da ya kamata ya ja wuta wajen am 3.7, da rana 2.6 yake samu, kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi, ga tazara ta ninka. Ruwa dai baya tsami banza.

Gyaran ranar bai ɗauki awa biyu ba. Na yanke ruɓaɓɓen wurin na haɗa da dalma na rufe da roba mai tsukewa da wuta, na goge wurin at ɗin da sanfefa har ya yi haske, wuta ta koma 13.6 a bakin kwayil. Na kwance notin tsakiyar faranti da sifana 10, yaro ya riƙe min farantin kar ya juya, na ɗan girgiza shi ya zaro. A nan ake yin hankali, dan a cikin ramin farantin akwai 'yan ƙananan zobban ƙarfe da muke cewa wasa, sirara kamar ɓawon albasa, su ne ke saita tazarar, suna manne da maiƙo sai su faɗo cikin ƙasa ka neme su ka rasa, shi yasa nake shimfiɗa farin buhu a ƙarƙashi kafin in zare. Guda biyu na samu, mai 0.5 da mai 0.3. Na cire mai 0.5 na mayar, tazara ta dawo 0.6. Muka wanke kwandansa da ruwa daga baya zuwa gaba ba da ƙarfi ba kar haƙarƙarinta su lanƙwashe, ruwan da ya fito ja wur kamar na kududdufi, allurar sama ta sauko wajen 275. Na janye rarar gas kaɗan cikin tukunyar gas da babu komai har allurar ta dawo 240.

Sai dai akwai abin da na ji na kuma bari, kuma shi ne dalilin da yasa nake ganin labarin nan ya cancanci a rubuta shi gaba ɗaya. Lokacin da faranti ke waje na sassauta bel na juya fulin da hannu, sai na ji ɗan gurrr a yatsana, kamar akwai yashi a ciki, ba sumul ba. Boris ne ya fara gajiya. Fuskar fulin ma ta yi shuɗi shuɗi alamar ta sha zafi. Nace Kawu boris ɗin nan ya fara magana ya kamata a canza, yace yanzu? nace sai an ciro fuli an nemo an buga, zai kai yamma ko gobe. Ya duba agogo yace gobe da asuba Inna za ta Shika kuma jibi yana da masu sharar gona a Maigana, a bari sai wani satin. Ni kuma nauyinsa nake ji, ga sanyi ya dawo ga shi yana ta sa min albarka, sai nace to Allah ya kaimu. Kuskurena ne, dan ni na san abin da yatsana ya ji shi bai sani ba, kamata ya yi in ce Kawu ka yi haƙuri motar nan ta kwana, in kai Inna da tawa.

Wani satin bai zo ba. Kwana goma sha ɗaya bayan nan wajen la'asar ya kira ni daga hanyar Soba, yace ɗana mota na wani kuka kamar ana niƙa, ga warin roba na ƙuna, esi kuma ya ɗauke gaba ɗaya ko fitilar maɓallin bata kawowa. Gabana ya faɗi. Nace Kawu ku tsaya yanzu ku kashe. Yaron da ke bin sa gona yace ya duba fiyus na esi mai lamba 10 ya ƙone, bari ya naɗa masa silin waya su ƙaraso, nace kar ka kuskura, fiyus ɗin nan shi ya hana wayoyin motar kamawa da wuta. Sa'ar da aka yi wannan injin bel uku gare shi, na altaneta da famfon ruwa daban, na sitiyari daban, na esi daban, ba kamar Hilux ɗin da suka biyo baya masu injin 2TR da bel ɗaya ke juya komai ba, wanda in fulin esi ya cije to a nan za ka kwana. Ta waya na kwatanta wa yaron inda ƙaramin fulin ɗaure bel yake, ya sassauta ya zare bel ɗin esin, suka taho gida gilashi a sauke.

Washegari na shiga ƙarƙashinta. Ban taɓa bututun gas ba, dan aikin kuloci baya buƙatar a zubar da gas ko kaɗan, wannan ma mutane da yawa basu sani ba ana caje su kuɗin gas a banza. Na cire farantin kariya na ƙasa, na kwance notuna huɗu da ke riƙe kwamfuresa na ɗan karkato ta na ɗaure da waya kar nauyinta ya rataya a jikin tiyo. Faranti ya fito, na cire zoben sakilif mai riƙe fuli da filayarsa, fuli ya fito yana lilo a hannuna, boris ya watse, ƙwallayen sun yi baƙi babu ɗigon giris. Da ya watse sai fulin ya karkace ya dinga gugar kwayil, baƙin ƙaron da ke rufe wayar ya narke ya zubo kamar kwalta, tagulla a waje. Mita ta nuna ƙasa da om ɗaya, ya haɗe da jiki, shi ya ƙona fiyus.

Da na zauna na bi abin daga farko sai na ga yadda kowane abu ya ja ɗan'uwansa. Tazara ta buɗe ga wuta ta yi rauni, faranti baya kamawa da ƙarfi sai ya dinga sulɓewa, sulɓewa na kawo zafi, zafin na dafa giris ɗin boris. Sannan aka zo aka ƙara gas har sau biyu akan kwandansar da ta toshe, kwamfuresa ta ƙara nauyin juyawa, kulocin da dama da ƙyar yake riƙewa ya ƙara sulɓewa. Gyaran gangar Auzinawa kenan, kuɗin da Kawu ya biya dan a gyara su suka ƙarasa boris ɗin. Abin na ci min rai, dan geji da fila geji da mita ba wasu kayan tsada bane, kuma awon duka bai fi minti talatin ba.

Kafin in kashe ko sisi sai da na tabbatar ita kanta kwamfuresar tana da rai, dan babu amfanin sabon kai a jikin gawa. Na mayar da faranti na juya sandar da hannu, tana juyawa sumul da ɗan nauyi daidai, babu cijewa babu ƙara. Na duba hancinta inda sandar ta fito, a bushe, babu mai, kenan sil ɗin da ke tare mai da gas bai fashe ba duk da zafin da ya sha. Na shafa wuyan da boris ke zama, bai cinye ba. Da ɗaya daga cikin ukun nan ya lalace da ni da kaina zan ce Kawu a sayi wata.

Neman kayan ne ya fi aikin wahala. Masu sifiya basa son sayar da kan kuloci shi kaɗai, sai su ce ka ɗauki kwamfuresa gaba ɗaya, kuma na fahimce su, in sun cire kai wa zai sayi gangar jiki. Na zaga Sabon Gari rabin yini ban samu yadda nake so ba, washegari na hau mota zuwa Panteka a Kaduna da tsohon fulin a leda da mita a aljihu. Dabarar ita ce ka nemi kwamfuresar da ta mutu ta ciki ko ta fashe a jiki wadda kanta ke da lafiya. Ta farko da aka miƙo min kamar ita sak, na ɗora mita sai ga om ya haura goma, ta mota mai batir biyu ce mai bolt 24, da na saka da ko motsi bazata yi ba. Ta biyu ramukan bel ɗinta basu kai yawan na tawa ba. Ta uku faɗi daidai ramuka daidai amma da na kifa su biyun akan tebur na ga layin bel ɗin ya fi nawa fitowa gaba kaɗan, wannan zai sa bel ya dinga tafiya a karkace yana cinyewa. Sai ta huɗu, Denso ce da kunnenta ɗaya ya karye, kwayil 3.6, fuska bata ci sosai ba, muka daidaita a dubu ashirin da biyu. Mai shagon yace Oga kai kam da mita kake ciniki, nace Alhaji ungulu da kan zabo ne ke bani tsoro.

Boris ɗin da ya zo a jikinta yana juyawa lafiya amma ban yarda ba, sau ɗaya ya ishe ni. Na sayi sabo mai layi biyu, milimita 30 ciki 52 waje 22 kauri, dubu shida da ɗari biyar. Wajen bugawa na kai wurin mai fires, injin danna ƙarfe, dan in ka sa guduma ka doki zoben ciki ka kashe boris tun kafin ya fara aiki, zoben waje kaɗai ake dannawa, sannan a ɗan dandaƙe bakin fulin a wurare kamar yadda kamfani suka yi dan kar ya zamo.

Wajen haɗawa, kwayil na da ɗan ƙaramin tsini a bayansa da ke shiga wani rami a jikin kwamfuresa, in bai shiga ba zai juya ya tsinke wayarsa. Zoben sakilif kuma fuska biyu gare shi, gefen da aka fere shi ne ke kallon waje, kuma sai ka zagaye shi da bakin sukundireba ka tabbatar ya zauna cikin raminsa ko'ina. Na wanke fuskar faranti da ta fuli da fetur kaɗan na bari suka bushe, wurin nan ba'a sa masa mai ko giris ko kaɗan. Na fara da wasa mai 0.5 da mai 0.3, tazara ta bada 0.8, ta yi yawa. Na zare na sa mai 0.3 ɗaya da masu 0.1 guda biyu, na ɗaure, na auna wuri uku, 0.5 cif. Da gangan na zaɓi wannan haɗin maimakon mai 0.5 guda ɗaya, dan nan gaba in ta sake buɗewa sai a zare siriri ɗaya kawai. Kuma kar wani ya ce bari ya matse sosai dan ya daɗe, in tazara ta yi ƙasa da 0.35 faranti zai dinga gugar fuli ko esi a kashe, zafin da ake gudu ya dawo.

Tunda ban san irin abin da aka ɗura mata a wurare biyun nan ba, ko an shigar da iska, sai na shawo kan Kawu muka janye gas ɗin duka cikin tukunya, na ɗaura injin zuƙe iska minti talatin, na rufe na jira allura bata motsa ba, sannan na zuba gas R134a a kan sikeli daidai nauyin da ke rubuce a takardar da ke manne ƙarƙashin bonet. Motocin da suka girmi tsakiyar shekarun 1990 ne ke amfani da tsohon gas R12, wannan ba ta cikinsu. Sabon fiyus mai lamba 10, bel ya koma, na tada ina kunnawa ina kashewa kamar sau ashirin a sulo dan fuskokin biyu su saba da juna. Ƙasa 32, sama 225, na sa ma'aunin zafi a bakin iska ya sauko digiri 8.

Wannan karon ban bashi makulli ba sai da na ɗauke ta da kaina ƙarfe biyu na rana, na bi ta Kwangila na shiga cunkoson 'yan keke napep da tireloli, na miƙe har Samaru na juyo ta ƙofar jami'a, na dawo na tsaya a rana minti arba'in tana sulo. Ina jin ƙas ɗin yana saki yana kamawa da kansa, har na daina ƙirgawa.

Kuɗin kaya Kawu ya biya, na aiki muka yi ta ja har ya yi fushi, bayan kwana biyu sai ga buhun masara an sauke a ƙofar gidana. Sati shida bayan nan da damina ta fara sauka ya biyo da Inna a gaba suna dawowa daga Shika, na durƙusa na gaishe ta ta taga, na roƙi Kawu minti biyar. Tazara na nan 0.5, fuli babu ƙara, kwandansa dai ta fara tara ƙaiƙayi kuma, na nuna wa yaron gonar yadda zai dinga wanke ta duk ranar da suka yi dakon hatsi. Na ɗauki maka na rubuta a cikin murfin bonet kusa da takardar gas, tazara 0.5, wasa 0.3 da 0.1 biyu, da kwanan wata. Kawu ya karanta yace wannan kuma na waye, nace na duk wanda zai buɗe ta bayana ne Kawu, ko ni ko wani.